Dogara Ga Allah Da Rumbun Jam'iyya

'Yan'uwa manoma, dattawan ƙasar Wudil ba su manta da farin 1973 ba, sa'ad da gero ya bushe a tsaye, aka riƙa kai shanu kasuwar Juma'a ana sayarwa a wulaƙance. A 1975 kuma kuturun gyaɗa ya cinye gonaki. Wanda ya ga waɗannan, in hadari ya yi jinkiri dole gabansa ya faɗi.

Amma alhini mugun mashawarci ne. Shi ke sa mutum ya karɓi bashi a kan hatsin da bai nuna ba, ko ya daka irin shuka. Mai dogara ga Ubangiji yakan kai kukansa cikin addu'a, hankalinsa ya kwanta, sa'an nan ya yi lissafi. Ku duba Farawa sura 41. Allah ne ya bayyana yunwar da ke zuwa Masar, Yusufu kuwa ya tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin ƙasa har shekara bakwai.

Saboda haka da kaka kowa ya zuba dami ɗaya a rumbun jam'iyya. Kada a buɗe sai watan Agusta, lokacin da rumbunan gida suka ƙare. A fara auna wa gwauraye da marayu.