Ruwan Farko Ba Shi Ne Damina Ba: Amsa Ga Manoman 'Yandoto Da Kewaye

A wannan mako wasiƙu uku muka samu a kan magana guda. Ta farko daga wani manomi ce a 'Yandoto ta ƙasar Tsafe. Ya ce bara an yi ruwa mai ƙarfi a farkon watan Mayu, ya kwashe irin geronsa ya shuka, sai ruwa ya ɗauke har kusan mako uku, tsiron ya ƙone ƙurmus, dole ya ci bashi ya sayi wani iri. Yana tambaya, shin yaya mutum zai gane damina ta zauna? Ta biyu daga Bunguɗu, mai ita yana ƙorafi cewa mun ce za a yi ruwa, an yi a Gusau, su ko ɗigo ba su gani ba. Ta uku kuwa daga wani ɗan kasuwar hatsi ce, yana son ya san ko hasashen nan yana da wani amfani ga wanda ba ya riƙe fartanya.

To, Malam na 'Yandoto, Allah Ya mayar maka da alheri. Abin da ya same ka yana samun mutane da yawa, kuma yana da dalili. Iska iri biyu ce ke mulkin ƙasarmu. Akwai busasshiya mai fitowa daga hamada ta arewa maso gabas, ita ce mai kawo hunturu. Akwai kuma mai danshi da ke tasowa daga teku ta kudu maso yamma, ita ce mai ɗauke da ruwa. A lokacin bazara waɗannan biyu kokawa suke yi a kanmu. Yau mai danshi ta turo, a sami hadari, jibi busasshiya ta mayar da ita baya. Ruwan da aka yi cikin wannan ja-in-ja shi ne ke yaudarar manomi. A yankin Gusau galibi sai ƙarshen Mayu zuwa cikin Yuni iskar danshi ke samun gindin zama.

Masana sun yi wa abin ƙa'ida. A shekarar 1988 wani mai bincike, Sivakumar, na cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai a Jamhuriyar Nijar, ya ce a lissafa damina ta fara ne idan bayan 1 ga Mayu an sami ruwa milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma a cikin kwana 30 masu biyowa ba a yi fiye da kwana bakwai babu ruwa ba. Kada kalmar milimita ta tsorata ka. Milimita 20 santimita 2 ke nan, wato kusan faɗin babban yatsanka.

Kai ma kana iya aunawa a gida, ba sai ka sayi komai ba. Nemi gwangwani miƙaƙƙe wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya. Kafa turke a fili, nesa da bishiya da indararo, ka ɗaure gwangwanin a kai yadda awaki da yara ba za su ture shi ba. Kowace safiya, a lokaci guda, ka tsoma rular 'yan makaranta ka ga inda ruwan ya tsaya, ka rubuta kwanan wata da adadin, da boko ko da ajami, sannan ka zubar. Ranar da ba a yi ruwa ba ma ka rubuta, don ita ma labari ce. Bayan haka ka je gona ka tona da hannu. In danshin bai wuce tsawon yatsa ba ka tarar da busasshiyar ƙasa, to wannan ruwan kwantar da ƙura ne kawai, ajiye sungumi tukuna.

Wani zai ce, ai rabin ƙa'idar nan sai bayan wata guda ake saninta. Gaskiya ne, kuma nan ne amfanin hasashe yake. Hukumar kula da yanayi ta Nijeriya, wato NiMet, wadda aka kafa a 2003, tana da tashoshin awo a garuruwa da dama, har da Gusau. Kowace shekara tun kafin damina takan fitar da bayanin lokacin da ake sa ran ruwa zai fara da lokacin da zai ɗauke, da inda ake jin tsoron tsaikon ruwa, ban da hasashen kullum da muke karanto muku. A Yamai kuma akwai cibiyar AGRHYMET da ƙasashen Sahel suka kafa a 1974, bayan farin da dattawanmu ba su manta da shi ba. Saboda haka ka haɗa uku: abin da gwangwaninka ya nuna, abin da hannunka ya taɓa a gona, da abin da ka ji a rediyo. In ka ga ba za ka iya jira ba, to shuka rabin gonar, ka ɓoye rabin irin.

Shi kuma ɗan'uwanmu na Bunguɗu, ka yi haƙuri, ba ƙarya muka yi maka ba. Hadarinmu yawanci daga gabas yake tasowa ya nufi yamma, kuma yakan zuba a wannan ƙauye ya tsallake na gaba. Hasashe na yanki ne baki ɗaya, ba na gonar mutum guda ba. In ka ji an ce akwai yiwuwar ruwa kashi 60 cikin 100, ma'anarsa a ranaku goma masu irin wannan alama, shida a kan yi ruwa, huɗu ba a yi. Kuma hasashen gobe da jibi ya fi na mako mai zuwa ƙarfi. Wannan ba duba ba ne, awo ne da lissafi, kamar yadda tsoho ke ganin shamuwa ta iso, ko gawo ya fara kaɗe ganye, ya ce damina ta kusa. Su ma alamu ne na gaskiya, amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Sanin tabbas yana ga Allah.

Saura Alhaji ɗan kasuwa. Ai kai ma ruwan nan yana cikin aljihunka. Duk shekarar da shuka ta lalace aka sake, neman iri yana ƙaruwa, kuma sabon hatsi yakan makara shigowa kasuwa. Idan kuma marka ta zauna a watan Agusta, gari ya yi kwanaki a lumshe da sanyi ba rana, buhun da ke ƙasa yana jan danshi ya yi fumfuna. Ɗora kayanka a kan katako, kada ka jingina su da bango, ka tanadi tamfol kafin ka ɗauki hanyar kasuwa. Manoma ma su lura, ranar da aka ce ana sa ran ruwa mai ƙarfi ba ranar watsa takin zamani ko feshi ba ce, ruwan zai wanke kuɗinku ya kai rafi.

Shawarata ta ƙarshe ita ce, a kowace unguwa a sami mutum guda, ko malamin makaranta ko wani yaro mai natsuwa, ya riƙe littafin ruwa. Shekara uku ko huɗu in aka yi ana rubutawa, ku da kanku za ku riƙa faɗin makon da ruwa ya saba zama a garinku, da makon da ya saba yin tsaiko. Wanda ya fara, ya aiko mana da abin da ya auna, za mu karanta a fili don maƙwabta su amfana.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya yadda kowa zai isa gonarsa ya dawo cikin kwanciyar hankali. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.