Wace takardar shaida za ka fara da ita a harkar kwamfuta?

Yau maganarmu da matasan Gaya da Ajingi ce, masu son shiga harkar kwamfuta amma sun rasa ta inda za su kama.

In ka bincika a intanet, jerin da za a ba ka kusan kullum ɗaya ne: CompTIA A+, sai Network+, sai Security+. Tsarin ba shi da laifi, amma don mai karɓar albashi da dala aka yi shi. A+ kaɗai jarrabawa biyu ce, kowacce sama da dala 200. Ka tuna a 2024 dala ta haura naira 1,500. To lissafa da kanka. Wannan ai kuɗin jarin shago ne a kasuwar Gaya.

Don haka ni a ganina, ka fara da abin da ba a biya. Cisco Networking Academy na da darussan farko kyauta, suna kuma ba da manhajar Packet Tracer, wadda za ka haɗa kwamfutoci da na'urorin sadarwa a kan allo ba tare da ka sayi ko kebul ɗaya ba. Akwai kuma shirin 3MTT na gwamnatin tarayya da aka ƙaddamar a 2023. Wata biyu ko uku a nan sun isa ka gane ko abin ya kwanta maka.

Sannan A+. Wa take yi wa amfani? Wanda bai taɓa kwance kwamfuta ba. Amma in ka yi zaman koyon gyara a Farm Centre, ko kai ne mai sa wa 'yan jami'ar Wudil Windows, mafi yawan abin da ke ciki hannunka ya riga ya sani. Karanta littafin, ka cike giɓi, ka riƙe kuɗinka.

Inda ya kamata kuɗin ya tafi shi ne sadarwa. Duba cibiyoyin jarrabawar JAMB, makarantu, asibitoci, bankuna: duk suna neman wanda zai ja waya, ya raba adireshin IP, ya gano dalilin da ya sa sabis ya ɗauke. A nan zaɓi biyu ne, Network+ ko CCNA. CCNA jarrabawa ɗaya ce, dala 300, ta fi wuya, amma tana tilasta maka saita na'ura da hannunka. In kuɗin guda ɗaya ne da kai, ita zan ce ka yi. Yin su biyun maimaici ne.

Security+ ta zo ƙarshe. Na san kowa yanzu tsaron intanet yake so, sai dai ba ka gadin gidan da ba ka san ƙofofinsa ba.

Abu ɗaya da ake mantawa: waɗannan takardun shekara 3 suke yi su ƙare. In kana aji ɗaya a jami'a ka yi CCNA, kafin ka gama hidimar ƙasa ta mutu, sai ka sabunta. Gara ka yi ta dab da fara neman aiki. A ɓangaren CompTIA kuwa, ta sama tana sabunta ta ƙasa: cin Security+ na ƙara wa Network+ da A+ wa'adi.

Batun rubuta jarrabawar daga gida kuma, ana yi, amma tana buƙatar kyamara, ɗaki shiru da intanet da ba ya yankewa. In ba ka amince da sabis da wutar unguwarku ba, nemi cibiyar Pearson VUE ka je can, ko da kuɗin mota zai ƙaru.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Ku ajiye tambayoyinku a ƙasa.