Dajin da ke ƙarƙashin ƙasa: Me ya sa sabarar duwatsun Tsafe ba ta mutuwa da sara?

Duk wanda ya bi hanyar Gusau zuwa Tsafe a tsakiyar rani zai ga gindin duwatsu irin na Kwatarkwashi a bushe, sai guntayen sabara da geza da kalgo waɗanda gatari da awaki suka rage. Da zarar damina ta sauka kuma, sai kututturan su yi toho kamar ba a taɓa su ba. Sirrin yana cikin ƙasa, inda ido ba ya kaiwa, kuma fahimtarsa na iya sauya yadda ake kashe kuɗin jama'a wajen yaƙi da kwararowar hamada.

Ganye ne ke sarrafa abincin tsiro daga hasken rana da iska da ruwa. Wannan abinci ƙayyadadde ne, don haka dole tsiro ya raba shi tsakanin rassa da ganye a sama, da saiwoyi a ƙasa. Masana tsirrai sun lura cewa rabon yana karkata ne zuwa ga sashen da ke samo abin da ya fi ƙaranci. A dazuzzukan da ruwa ya wadata, kamar na kudancin Najeriya, haske ake gasa a kansa, shi ya sa itatuwa ke miƙewa sama, saiwa kuwa takan tsaya a kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsu. Inda ruwa ko sinadaran ƙasa suka yi ƙaranci, lissafin yana juyawa.

Ana ganin haka ƙarara a manyan tsaunuka irin na Himalaya da tudun Tibet, inda ƙananan itatuwa ke rayuwa a tsayin da ya haura mita 4,000. Sanyi yana rage saurin ruɓewar ganye, taki ya yi ƙaranci, lokacin girma ya gajarta, iska kuma tana karya duk abin da ya yi tsawo. Sai tsiron ya duƙa, ya mayar da ƙarfinsa cikin ƙasa.

Duwatsun Tsafe da Bungudu ba su kusanci wannan tsayi ba, kuma babu ƙanƙara, amma matsin ya yi kama. Ƙasar kan dutse ba ta da kauri, ruwan sama yana gangarewa da sauri, rani kuma yakan kai wata bakwai. Ga wutar daji, ga kiwo, ga masu itace. Tsiron da ya tara dukiyarsa a rassa zai yi asararta kowace shekara. Wanda ya adana ta a saiwa da kututture shi ke tsira, domin da wannan ajiya yake sake toho.

Amfanin saiwar bai tsaya ga tsiron ba. Tana riƙe ƙasar gangare, ta rage zaizaya. Wani bincike da aka gudanar a Senegal, aka wallafa a 2018, ya nuna cewa sabara na jawo ruwa daga can ƙasa, ta saki wani ɓangarensa a saman ƙasa da dare, har geron da aka shuka kusa da ita ya sha.

Manoman Maradi sun riga sun ci gajiyar wannan. A 1983, Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya mai aikin gona a yankin, ya gane cewa abin da ake ɗauka ciyayi ne a gonaki, tohon kututturan itatuwa ne masu rai. Maimakon a share su lokacin sassabe, sai a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a bari, a rage sauran. Wannan dabara, da ake kira sassabin zamani, ta bazu har aka ƙiyasta ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar, da itatuwa kusan miliyan 200.

Dalilin nasarar a fili yake. Dashe yana fara haƙa saiwarsa ne daga tushe, kuma ranin farko ke kashe da yawa idan babu ban ruwa da shinge. Kututture kuwa ya riga ya gama wannan aiki shekaru da dama da suka wuce.

Zamfara na cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, wanda aka kafa wa hukuma a 2015, tana kuma cikin shirin ACReSAL na dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi a 2021. A lokaci guda, tsadar iskar gas da kananzir ta ƙara buƙatar itace da gawayi, rashin tsaro kuma ya takura masu nemansu a kusa da garuruwa. Sara yana barin dama, amma tone kututture yana kwashe ajiyar shekaru a yini ɗaya.

Saboda haka, yawan dashen da aka raba a bikin shuka bai isa ma'auni ba. Tambayoyin da suka kamata matasa su yi wa hukumomi su ne: guda nawa suka rayu bayan rani biyu, kuma nawa aka ware domin kare kututturan da tuni suke da rai a gonaki da gindin duwatsu?