Fuskar wa ke jikin kalandar falo?

Daga Zonkwa zuwa Samaru Kataf har cikin Kafanchan, da wuya ka shiga gidajen Kiristoci goma ba ka ga hoton nan na Yesu ba: farin mutum mai gashi har kafaɗa, da ɗan gemu, da ido mai sanyi. Yana jikin kalanda, yana bayan motar haya, yana manne a shagon mai cajin waya. Saƙonni kuma sai yawo suke a WhatsApp a kansa. Wannan ya ce ɗan wani Fafaroma ne, wancan ya ce ɗan fim ne, wani ya rantse daga sama aka saukar da shi. A yankin da rikicin Maris 1987 ya taso daga gardamar wa'azi a kwalejin horar da malamai ta Kafanchan, maganar addini da ba a tantance ba ba abin turawa da ka ba ce.

Mafi nauyi a cikin irin waɗannan maganganu ita ce wai Kiristoci sun gaskata Allah wani dattijo ne fari mai furfura. Babu ɗarikar da ke koyar da haka, ko Katolika ko ECWA ko Angilika ko Baftis. Bisharar Yohanna ta nuna a sura ta 1 cewa idon ɗan Adam bai taɓa kaiwa gare shi ba, a sura ta 4 kuma ta kira shi Ruhu. A Kubawar Shari'a sura ta 4, Musa ya tuna wa Isra'ilawa cewa a Horeb murya kaɗai suka ji, ba su ga wata siffa ba, don haka kada su ƙera masa kama. Katekisim ɗin Katolika na 1992 ya ƙara da cewa Allah ba namiji ba ne, ba mace ba.

Amma zanen dattijon yana nan, ba a ƙirƙiro shi a waya ba. Wanda ya fi shahara shi ne na Michelangelo a rufin ɗakin sujada na Sistine a Batikan, aikin da ya yi tsakanin 1508 da 1512. Masu irin wannan zane sun dogara ne da wahayin annabi Daniyel a sura ta 7, inda ya ga wani mai farin gashi zaune a kan kursiyi. Kafin nan, kusan shekara dubu, yawancin masu zane hannu kawai suke nunawa yana fitowa daga gajimare. Kuma ba kowa ya lamunta ba: babban taron Ikilisiyar Rasha a Mosko ya haramta zana Allah Uba a 1667, yayin da Fafaroma Benedict na 14 ya ƙyale shi a 1745 a matsayin alama, ba kamanni ba.

Sai labarin Cesare Borgia, wanda ya fi kowane daɗin baki. Ana cewa Fafaroma Alexander na 6 ne ya umarci masu zane su ɗauki fuskar ɗansa su mayar ta Yesu. Mutumin ya rayu da gaske, ɗan Fafaroman ne da gaske, kuma tarihinsa ba na alheri ba ne. Sai dai an haife shi a 1475, ya mutu a 1507. A gidan sufaye na Santa Katarina da ke gindin Dutsen Sina'i a Masar kuwa, akwai zanen Yesu a kan allo, mai dogon gashi da gemu, tun ƙarni na 6, wato wajen shekara 900 kafin a haifi Borgia. A kaburburan ƙarƙashin ƙasa na Roma ma akwai mai gemu tun ƙarshen ƙarni na 4. Ta yaya jika zai ba kakansa kama? Abin da masu wannan labari ba sa faɗa ma ya fi ban sha'awa: zane-zanen farko, kamar na Dura-Europos a Siriya wajen shekarar 235, saurayi suke nunawa mara gemu, sau da yawa makiyayi da tunkiya a kafaɗa.

Masu cewa ɗan fim ne, su kam sun taɓo gaskiya. Hotuna da yawa da ake sayarwa a kasuwa fuskar Robert Powell ce, Baturen Ingila da ya fito a fim ɗin Jesus of Nazareth na 1977. Wasu kuma ta Brian Deacon ce, na fim ɗin Yesu na 1979, wanda aka juya zuwa Hausa aka riƙa nunawa da majigi. Duk wanda ya zauna a filin makaranta da dare, janareta na ruri, farin ƙyalle na kaɗawa a jikin sanduna biyu, mata na salati lokacin da aka ɗaga gudumar ƙusa, ya san yadda fuskar nan take shiga zuciya ta zauna. Hoton da ya riga su duka kuwa na Warner Sallman ne, wani mai zanen talla a Shikago, wanda ya yi shi a 1940. An raba wa sojojin Amurka shi a yaƙin duniya na biyu, an buga shi ɗaruruwan miliyoyi. A 2019 ma hotuna sun bazu wai Yesu ya sauka a Kenya. Ashe wani mai wa'azi ne Ba'amurke, Michael Job, da ke shigar wasan kwaikwayo.

To yaya kamanninsa yake? Matiyu, Markus, Luka da Yohanna ba wanda ya faɗi tsawonsa ko launin fatarsa ko yanayin gashinsa. Abin lura shi ne sai da Yahuza ya sumbace shi kafin masu kamu su ware shi daga almajiransa, alamar bai fita daban a cikin mutanen Galili ba. Wasiƙar nan da ake dangantawa da wani Lentulus, wai gwamnan Roma da ya gan shi ya kwatanta gashinsa da idanunsa, masana sun daɗe da gano jabu ce ta ƙarnonin baya. Babu gwamnan Yahudiya mai wannan suna. Fuskar nan mai duhun fata da gajeren gashi da BBC ta nuna a 2001 ita ma ba tasa ba ce. Richard Neave ya gina ta ne a kan ƙoƙon kan wani Bayahude na wancan zamani, don a ga yadda mutanen yankin suke. Masu ɗauko Ru'ya ta Yohanna sura ta 1 su ce ga shaidar baƙi ne, a ganina sun gudu daga wani zato ne sun faɗa wani, domin wahayin ɗaukaka ake kwatantawa a wurin, ba mutumin da ya yi tafiya a Nazarat ba. Agustin, ɗan Arewacin Afirka, ya riga ya lura tun ƙarni na 5 cewa kowa da irin fuskar da yake ƙaga wa Almasihu a ransa.

Shi ya sa zana shi baƙi ba saɓo ba ne, ba kuma sabon abu ba. Habashawa sun daɗe suna zana shi da kamarsu. A 1947 limaman Katolika sun buɗe wurin sassaƙa a Oye-Ekiti, inda Fada Kevin Carroll ya yi aiki da masassaƙan Yarbawa irin su Lamidi Fakeye. Bruce Onobrakpeya ya zana Hanyar Gicciye da fuskokin 'yan Nijeriya a wata majami'a a Ebute Metta, Legas. Abin mamaki ne a ce ƙasar da ta fitar da tsoffin mutum-mutumin Nok, nan kusa da Kwoi, har yanzu fuskar Shikago take saye.

Batun ko Allah na hure mai zane ya fi wuyar yankewa. Littafin Fitowa sura ta 31 ya ce an cika Bezalel da Ruhun Allah don ya yi aikin zinariya da dutse da katako, saboda haka ra'ayin cewa gwaninta baiwa ce yana da tushe. Amma baiwa daban, saukarwa daban. Ɗauki hoton Jinƙan Allah, mai haske ja da fari daga ƙirji, wanda 'yan Katolika ke addu'a gabansa da ƙarfe uku na rana. Sista Faustina Kowalska ta ƙasar Foland ta ce ta ga wahayin a 1931. Wani mai zane, Eugeniusz Kazimirowski, ya yi shi a Bilniyus a 1934 bisa bayaninta, kuma da ta gani sai ta yi kuka don bai kai abin da ta ce ta gani ba. Wanda ya fi yawo a yau ma na wani ne, Adolf Hyła, daga shekarun 1940. Ikilisiyar Katolika ta ayyana Faustina waliyyiya a 2000, amma koyarwar Ikilisiyar ita ce wahayin mutum ɗaya ba ya zama wajibi a kan kowa. Haka likkafanin Turin da ake dangantawa da Yesu: gwajin 1988 a ɗakunan bincike uku ya sa shi tsakanin 1260 da 1390, wasu na jayayya da gwajin, Batikan kuma ba ta taɓa yanke cewa na Yesu ne ba.

Saura zargin bautar gumaka, wanda ba daga waje kaɗai yake zuwa ba, har tsakanin 'yan uwa ɗaki ɗaya. Shiga majami'ar ECWA, yawanci bango fayau ne, sai gicciye da aya. Gadon mishan ɗin SIM ke nan, da suka zauna a Kwoi da Kagoro, gadon da ya koma har ga Calvin da Zwingli, wanda aka kwashe hotuna daga majami'un Zurik a zamaninsa a 1524. Shiga babban cocin St. Peter Claver a Kafanchan, za ka tarar da siffofi da gicciye mai jiki a kai. Hujjar Katolika ta fito daga taron Nikiya na biyu a 787: sujada ta Allah ce shi kaɗai, hoto girmamawa ake yi masa, girman kuma na mai hoton ne, kamar yadda mutum ke goge ƙurar hoton marigayi mahaifinsa ba tare da ya ɗauki takardar uba ba. Su ce ai Allah da kansa ya sa a ƙera kerubobi a kan Akwatin Alkawari. Ɗan ECWA ya ce ai doka ta biyu tana nan a Fitowa sura ta 20.

Cewa Katolika na koyar da bautar siffa ƙarya ne. Cewa wani na iya wuce gona da iri, ya ɗauki hoto kamar laya, wannan kam gaskiya ne, kuma ɓangarorin biyu labari ɗaya suke karantawa a kai. Macijin tagulla da Musa ya ƙera bisa umarnin Allah, da Isra'ilawa suka koma ƙona masa turare, Sarki Hezekiya farfasa shi ya yi, littafin Sarakuna na biyu kuma ya lissafa hakan cikin ayyukansa na kirki.