Gyaran tirombon

Gyaran tirombon sana'a ce ta maido da kayan busa na tagulla da ake kira tirombon yadda zai sake busuwa daidai, ta hanyar fitar da lotsawa, toshe ɓula, miƙe bututun da ya karkace, ko sauya bututun da ya ruɓe da sabo. Tirombon na cikin kayan 'yan badujala. Ya bambanta da sauran kayan busa domin ba shi da maɓallan da ake dannawa, sai wani dogon bututu mai lanƙwasa da ake kira silaidi, wanda mai busa ke turawa gaba ya jawo baya don sauya murya.

Asali da zuwansa Zariya

An fara ƙera tirombon a Turai a ƙarni na 15, sunansa kuma daga Italiyanci yake, ma'anarsa babban ƙaho. Ya shigo Arewacin Najeriya tare da badujalar sojan mulkin mallaka. Zariya ta daɗe tana jin amonsa saboda Daffo na sojan ƙasa da aka kafa a 1924 da makarantar sakandaren soja da aka buɗe a 1954, sai kuma ƙungiyoyin matasa na coci-coci a Sabon Gari da Samaru, waɗanda ke fita maci da kayan busa. Irin waɗannan kaya sukan yi shekaru da dama suna sauya hannu, shi ya sa ake cin karo da tsofaffin ƙirar Ingila irin su Besson da Boosey & Hawkes.

Tsari

Tirombon da aka fi amfani da shi yana da bututu mai tsawon kusan mita 2.7 idan aka warware shi. Akwai bakin busa, da silaidi, da ƙaramin bututun saita murya a baya, sannan ƙarshe mai faɗi kamar mazurari inda sauti ke fita. Yawancin jikinsa tagulla ce, wato haɗin jan ƙarfe kashi 70 da tutiya kashi 30. Silaidi bututu huɗu ne: biyu na ciki a tsaye, biyu na waje suna zamewa a kansu, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai rabin milimita ba. Yana da matsayi bakwai, kowane matsayi na ƙara tsawon bututun da kimanin kashi 6 cikin ɗari, muryar ta ƙara yin ƙasa. Wannan ne ya sa tsawon bututu da faɗin cikinsa su ne muryar tirombon, duk wanda ya taɓa ɗayansu ya taɓa sautin.

Lalacewar da aka fi samu

Lotsawa a silaidi ita ce kan gaba, domin ko ƙanƙanuwa ce takan sa ya riƙa cijewa. Mai gyara yakan zura sandar ƙarfe mai santsi wadda ta yi daidai da cikin bututun, ya riƙa murza wurin daga waje har ya daidaita. A wuraren da bututu ya lanƙwasa ana tura ƙwallayen ƙarfe masu girma daban-daban, daga ƙarami zuwa babba. Ƙurar hunturu kuma takan haɗu da man shafawa ta zama kamar yashi, ta karce bututun ciki. Wanke silaidi da ruwa da sabulu ya fi ƙara masa mai, man inji kuwa bai dace da shi ba.

Cuta mafi muni ita ce ruɓewar tagulla daga ciki. Yawu da danshin numfashi suna cinye tutiyar da ke cikin tagulla, su bar jan ƙarfe mai raraka. Alamarta jajayen ɗigo ne a jikin bututu. Idan ɗigon ɗaya ne ana iya liƙa masa faci, amma idan sun yi yawa faci ɓata lokaci ne, gara a cire bututun gaba ɗaya.

Sauya bututu

Ana haɗa sassan tirombon da dalmar lici, haɗin kuza da dalma mai narkewa a zafin da bai kai digiri 200 ba, don haka da ƙaramar wuta ake raba tsohon bututu da zoben da ke riƙe shi. Licin azurfa, wanda ke buƙatar zafi sama da digiri 600, na tsagewa ne kawai, kuma yana ƙona fentin da ke kare tagulla, ya kuma tausasa ƙarfen.

Kafin a yanka sabon bututu sai an auna faɗin cikin tsohon. Tsofaffin ƙirar Ingila siraran ciki ne, kimanin milimita 12, na zamani kuma daga 12.7 zuwa 13.9. A nan ne ake yawan yin kuskure. Bututun jan ƙarfe na rabin inci da masu gyaran firji ke amfani da shi yakan yi kama da wanda ake nema, sai dai ma'auninsa na waje ne, cikinsa ya fi ƙunci, ga shi da laushi. Zai toshe ɓula, amma muryar za ta shaƙe. Idan bututun na lanƙwasa ne, ana gasa shi ya yi laushi, a cika shi da narkakkiyar dalma ko ƙaro, ko ruwan sabulu da aka daskarar, a lanƙwasa shi a kan ma'auni, sannan a narkar da abin da ke ciki. Wanda aka lanƙwasa babu komai a ciki ninkewa yake yi. A silaidi kuma dole bututun biyu su tafi kafaɗa da kafaɗa daga farko har ƙarshe, saboda haka akan ɗaure su a kan shimfiɗaɗɗen ƙarfe kafin a liƙa.

Akwai wata matsala da ta keɓanta da tsofaffin kaya. A 1939 wani taro a Landan ya tsayar da ma'aunin murya na girgiza 440 a daƙiƙa ɗaya, amma ƙungiyoyin busa na Ingila sun ci gaba da tsohon ma'auninsu na kusan 452 har zuwa tsakiyar shekarun 1960. Tirombon da aka ƙera a kan tsohon ma'auni ya gaza na yanzu tsawo, don haka ko an kwaikwayi tsohon bututunsa daidai wa daida, muryarsa za ta ɗara ta sauran kayan ƙungiya. Maganin shi ne a ƙara kimanin santimita 8 a tsawonsa, wato kusan 4 a kowace ƙafa ta bututun saita murya. Wasu an riga an yi musu wannan ƙari tun tuni, mai gyaran da bai lura ba ya ɗauka faci ne ya cire.

Dangantaka da kakaki

A Zabi da sauran unguwannin Ƙaramar Hukumar Sabon Gari, sana'o'in da suka fi kusa da wannan aiki su ne na masu gyaran lagireto da firji da maƙeran fari, domin duk sun san lici da sarrafa siririn ƙarfe. Ƙasar Hausa ma tana da nata dogon ƙahon ƙarfe, wato kakaki, wanda Tarihin Kano ya danganta shigowarsa da zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), kuma har yau ana busa wa Sarkin Zazzau shi. Ana ƙera kakaki gaɓa-gaɓa da fallen tagulla ko gwangwani, a naɗe a liƙe, a riƙa harhaɗa shi lokacin busa. Sai dai kakaki murya biyu kawai ake nema daga gare shi, babu kuma sashen da ke zamewa, don haka yana jure faci da ɗan bambancin tsawo. Maƙerin da ya iya kakaki zai iya gyara ƙarshen tirombon mai faɗi da sandunan da ke riƙe shi, amma silaidi sai da bututun masana'anta marar ɗinki da ma'aunin da ke karanta ɗaya bisa ɗari na milimita.