3.4 Bunƙasa da Ja da Bayan Shagunan Kwamfuta a Tambuwal da Kebbe

Shagon kwamfuta, kamar yadda ake amfani da kalmar a wannan yanki, ba wurin sayar da na'ura ba ne kawai. Wuri ne da ake buga takardu, a yi fotokwafi, a kuma cike wa ɗalibai fom ta intanet. Su kansu na'urorin galibinsu na hannu ne, waɗanda ake sarowa daga Ikeja ko titin Beirut a Kano.

Abin da ya raya waɗannan shaguna shi ne jarrabawa. Tun da hukumomin JAMB da WAEC da NECO suka mayar da rajista da duba sakamako ta intanet, ya zama tilas ɗalibi ya nemi mai kwamfuta. Tambuwal, da yake tana bisa hanyar Sakkwato zuwa Jega, ta fi Kebbe cin moriyar wannan ciniki.

Sai dai a shekarar 2017 JAMB ta hana irin waɗannan shaguna yin rajista, ta taƙaita aikin ga cibiyoyin da ta amince da su. Wannan kuwa ya zo daidai lokacin da wayoyin Tecno da Itel suka wadata, har ɗalibi kan duba sakamakonsa yana zaune a zauren gidansu. Ga kuma tsadar man janareto, musamman bayan janye tallafin fetur a 2023. Saboda haka masu shaguna da dama suka koma cajin waya da sana'ar POS, kwamfutar kuma ba a kunna ta sai an kawo katin ɗaurin aure.