Iskar Gabas Ba Ta Sallama: Gyaran Rufi Kafin Damina

Duk wanda ya tashi a Arewa ya san yadda hadarin farkon damina yake zuwa. Zafin bazara ya kai maƙura, ganye ko motsi ba ya yi, can da la'asar sai gabas ta yi jawur, sannan ta yi baƙi ƙirin. Kafin ɗigo ɗaya ya taɓa ƙasa iska ta riga ta iso da ƙura da yashi da ledoji, mata na kwashe shanya, yara na kora awaki. 'Yan mintocin nan da ke tsakanin isowar iska da saukar ruwa su ne ke cinye rufin mutane, galibi daga Afrilu zuwa Yuni. Mutanen Bauchi ba za su manta da watan Yuni na 2018 ba, lokacin da guguwa ta afka wa garin ana tsakiyar bukin ƙaramar Sallah, ta yaye rufin gidaje masu ɗimbin yawa, aka rasa rayuka, har Shugaba Muhammadu Buhari ya je jaje.

Allah ne mai tsarewa, wannan babu ja. Amma ka zaga unguwa washegarin irin wannan iska ka duba da idonka. Za ka ga gida an kwashe masa rufi ɗungurungum an jefar a layin baya, na maƙwabcinsa kuwa ko kwano ɗaya bai ɗaga ba, alhali iska ɗaya ce ta bi ta kansu. Na daɗe ina lura da wannan, kuma kusan kullum bambancin yana wurin da ido ba ya gani, wato ɗaurin da ke tsakanin rufi da bango.

Mutane da yawa sun ɗauka iska tura kwano take yi har ya faɗi. Ɗaga shi take yi. Idan ta bugi bango ta haura ta bi saman rufi da gudu, sai ta riƙa zuƙo kwanon sama. In kuma ta sami ƙofa ko taga a buɗe ta ɓangaren da take fitowa, sai ta cika ɗakin ta riƙa turo rufin daga ciki. Ƙarfinta ma ba daidai yake hawa da gudunta ba: in gudun ya ninka biyu, ƙarfin da take bugun gini da shi ninki huɗu yake yi. Wuraren da ta fi ci su ne kusurwoyi, da bakin rufi da ya leƙo waje, da ƙololuwa. Shi ya sa ɓarna ke farawa daga kwano ɗaya na gefe. Da zarar ya ɗaga ta sami mashiga, sauran sai su bi shi.

To me ke riƙe da rufin? Kusa ce ke riƙe kwano a jikin ƙananan katakan da aka gicciya, su kuma suna kan rafta, rafta na kan katakon da ke kwance bisa bango, shi kuma langa-langa ko siririn rodi ne ke ɗaure shi da ginin. Wannan na ƙarshen shi ne mafi arha a cikin kayan rufi duka, kuma shi aka fi yi wa rowa. Lokacin da aka zo rufi kuɗin mai gini sun riga sun ƙare a bulo da siminti. Kafinta ya ce, Alhaji, a ƙaro langa-langa, Alhaji ya ce a lallaɓa da wanda ke akwai. Wani lokaci kuma kafintan ne ke gaggawar sauka ya tafi wani aikin. Sai a kafa katako a kan bulo da 'yan kusoshi a rufe da silin, babu mai sake gani sai ranar da iska ta ɗage rufin gaba ɗaya kamar murfin tukunya.

Ko inda aka sa langa-langar, a duba zurfinta. In a layin bulo na sama kaɗai aka binne ta, iska na iya ɗagawa har da bulon, ya rikito kan mutanen da ke ciki, kuma irin wannan ne ke kisa. Kamata ya yi ta fito daga cikin kankaren linta, ko a binne ta layi biyu ko uku ƙasa da saman bango. Gidan da aka riga aka gama ma yana gyaruwa: a huda bangon ƙasa da layukan sama, a zura langa-langa ko rodi, a naɗo katakon, a ƙulle da kusa, a toshe hudar da siminti. A fara da kusurwoyi huɗu da bangon gabas.

Kafin a kira kafinta, a fara tambayar uwargida. Ita ta san inda ta tara roba da bokiti bara, ta san gefen da ta janye katifa. Maigida da ke fita tun safe sau da yawa bai san rabin wuraren da gidansa ke yoyo ba. Daga nan a buɗe silin a leƙa da rana tsaka. Duk inda haske ya ratso, nan ruwa zai ratso. A ɗauki sukundireba a riƙa dannawa a jikin katako, musamman bakinsa da ke shiga bango. Na taɓa ganin raftar da a ido lafiyarta lau, ana dannawa ƙarfen ya nutse, gari mai laushi ya zubo, ashe gara ta cinye cikin ta bar ɓawo. Layin jar ƙasa da ya hau bango zuwa sama hanyarta ce, a bi shi a ga inda ya tsaya. Katakon da ta ci ba ya riƙe kusa, sauya shi ake yi, sabon kuma a shafe shi da maganin gara kafin a ɗora.

A saman kwanon, kusa ce abin dubawa. Kwano yana buɗewa da zafin rana, yana tsukewa da sanyin dare, shekara da shekaru yana girgiza kusar har ta ɗago kai. Wadda ta ɗago, bugun ta a mayar ba ya wadatarwa, domin ramin ya riga ya yi mata yawa. A cire a sa wadda ta fi ta tsawo, mai hula, ko a sa sukuru mai roba a wuya. A kan tudun kwano ake bugawa, ba a cikin kwarin da ruwa ke bi ba. A gefuna da ƙololuwa a matso da kusoshin kusa da juna fiye da tsakiya. In kuma sabon kwano za a jera, tsofaffin kafintoci daga yamma suke farawa su nufi gabas, don bakin haɗin ya ba iskar hadari baya. Bandir mai kwano 20 na iya zama siriri har ka lanƙwasa shi da yatsa biyu, irin wannan kan kusa yake yagewa ya bar kusar a jikin katako. Wanda ya fi kauri ya fi tsada, amma ko a layin gefe kaɗai aka sa shi an rage asara.

Duwatsu da bulo da tsofaffin tayoyi da ake jibgawa a kan rufi ban yarda da su ba. Na san talauci ne ke sa hakan. Sai dai iskar da za ta iya ɗaga rufi za ta iya wurgo dutsen tsakar gida inda yara suke, taya kuma tana tara ruwa sauro ya hayayyafa. Haka faifan sola da farantin tauraron ɗan'adam da aka ɗaura da 'yar waya, a sa a ɗaure su da katakon rufin kansa. Reshen darbejiya da ya rufa kan ɗaki a rage shi, amma kada a sare itacen, yana karya ƙarfin iska. Mai hawa ya hau da sassafe kafin kwano ya yi zafi, ya taka layin kusa inda katako yake, ya kiyayi wayar lantarki. Kada kowa ya hau jiƙaƙƙen kwano ko ya hau ana walƙiya, kuma don Allah a daina tura yara.

Soron ƙasa nasa ciwon daban ne. Iska ba ta cika damun sa ba, nauyinsa da rawanin da ya kewaye shi sun tsare shi. Ruwa ne abokin gabarsa, kuma a cikin marka, wajen Agusta, yake kayar da shi. Ga lissafi mai sauƙi: ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne. Rufi mai murabba'in mita 100, in aka yi ruwan milimita 50 a dare ɗaya, lita 5,000 ce ta sauka a kansa, jarka 200 mai cin lita 25. Duk wannan ta indararo zai fita. In leda ko sheƙar tsuntsu ko ciyawa ta toshe shi, ruwan ya kwanta, ƙasa ta sha ta yi nauyi, azara ta fara lanƙwasa.

Magabata sun san wannan sarai, shi ya sa yaɓe ya zama aikin kowace shekara, ana gamawa kafin ruwan farko. Azara daga giginya ake tsaga ta, gara ba ta cika iya mata ba. Makuba daga kwasfar ɗorawa ake samun ta. Laso kuwa haɗi ne na katsin marina da gashin jima da dafara, kuma yana hana ruwa shiga. Yau marina ta ragu, giginya ta yi wuya, masu sanin haɗin sun tsufa, sai muka koma shafa siminti a kan ƙasa. Siminti da ƙasa ba sa kama juna. Yakan tsage, ruwa ya shige ta bayansa ya rasa hanyar bushewa, bango ya riƙa ruɓewa a ɓoye har ranar da ɓawon zai ɓallo. Wani kuskuren shi ne ƙara ƙasa a kan ƙasa kowace shekara ba a kankare tsohuwa ba, azarar da aka yi don wani nauyi ta koma ɗaukar ninkinsa. A cire ciyawa tun daga saiwa, a cike tsaga, a gyara gangare ya nufi indararo, indararon kuma ya yi tsawon da zai jefa ruwa nesa da gindin bango, ba kuma cikin bangon maƙwabci ba.

Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da lokacin da ake sa ran saukar ruwa a kowace jiha, gidajen rediyo kuma suna bayyana shi da Hausa. A saurara, a ƙirga baya da wata guda, a kira mai gyara. Bayan iskar farko kafinta ba ya samuwa, kuɗin kwano da kusa ya tashi. Masu gidajen haya su ji tsoron Allah, kada su jira ɗan haya ya yi ta sintiri, ran mutane ne a ƙarƙashin rufin nan.

Idan hadari ya taso a rufe ƙofofi da tagogi, a fara da na gabas, a tara yara a ɗakin da ya fi ƙwari, kada kowa ya fita kamo kwanon da ya tashi, yankansa ya fi na wuƙa. A ɗakin soro kuma, in cikin dare aka ji azara na ƙara, ko ƙasa ta fara zubowa, ko tsaga ta buɗe a bango, a tashi kowa a fita nan take ko da ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, kada a tsaya kwashe kaya.